Makullin Kabad da Kalmar Tafiya

Duk cikin harsunan da Allah ya raba wa 'yan Adam, Turanci ne kaɗai ya iya tafiya. Sauran harsuna sukan miƙe, su yi sallama, su tsaya a bakin ƙofa suna jan zance har takalmi ya gaji da jira. Turanci kuwa kalma ɗaya yake liƙa wa aikatau, away, shi ke nan mutum ya ɓace, kaya sun ɓace, har rai ma ya bi su. Wanda bai fahimci wannan kalma ba bai fahimci Bature ba, wanda kuwa bai fahimci Bature ba har yanzu bai san abin da ya same shi ba.

Wannan maganar Malam Ƙamus ce, babban malamin Turanci na makarantar kuɗin da ke bayan tashar mota. Ya faɗe ta a aji, ya faɗe ta a ɗakin malamai, ya taɓa faɗa wa wani likita yana tsakiyar auna masa jini. Idan tari ya katse shi, ɗalibai sukan ƙarasa masa.

Tun gashinsa na baƙi yake tara misalai. Duk inda ya ci karo da kalmar, ko a jarida, ko a rediyo, ko a jikin kwalin magani, sai ya yanki 'yar takarda ya rubuta jimlar, ya jefa a kwalin takalmi. Akwai kwalin masu tafiya da ƙafafunsu, su go away da run away. Akwai na abin da hannu ke rabuwa da shi, su throw away da give away. Akwai na abin da ke zarewa a hankali ba tare da kowa ya kore shi ba, su fade away da wear away. Kwalin mutuwa, na pass away, shi ne mafi ƙanƙanta, don masu mutuwa da Turanci ba su cika sauya salo ba. Sai kuma kwali guda da ke hana shi sakat, wanda yake kira na 'yan tawaye: su work away da talk away, inda kalmar tafiya take zaune daram amma ba wanda ya je ko'ina, aiki kawai ake ta yi, ko surutu.

Kwalayen suna cikin wani kabad na ƙarfe a ɗakin malamai, kuma a wannan makaranta kabad ba wurin ajiya ba ne kawai. Tun zamanin mahaifin mai makaranta aka kafa cewa malamin dindindin shi ne mai kabad. Takardar ɗaukar aiki daga baya take zuwa, idan ta ga dama. Ranar da malami zai yi ritaya sai a tara mutane a zauren taro, mai makaranta ya zo ya zauna a kujerar gaba, mai barin aiki ya ciro makullinsa ya miƙa wa wanda ya zaɓa. Idan mai makaranta ya gani ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Idan bai gani ba, ba a yi ba, makulli ya koma ofis. Ofis kuma bai taɓa amayar da makulli ba. Haka aka yi da kabad ɗin tarihi: yanzu tsintsiyoyi ne a ciki, tarihin kuma malamin wasanni ke koyar da shi ranar da aka yi ruwa.

Wadda ke jiran makullin Malam Ƙamus ita ce malamar da ake kira 'Yar Aro. A ajinsa ta yi karatu, ta je jami'a ta dawo, aka ɗauke ta ta riƙe wa wata da ta tafi hutun haihuwa. Jaririn da aka haifa yanzu shi yake kai kansa makaranta, ita kuwa har yau riƙo take yi. Awannin da ta tsaya gaban allo su ake biyan ta. Idan aka yi hutu, albashinta ma yana hutawa. Littattafanta da jan bironta a kan dakalin taga suke kwana, kusa da butar shayi.

Duk wannan ta saba da shi. Abin da ba zai jira ba shi ne 'yarta, wadda ubanta ke kira Gimbiya. Yarinyar ta gama firamare, ta ci jarrabawar shiga makarantar, kuma kuɗin makarantar ba na gidan mai gyaran firji ba ne. Amma ɗan malamin dindindin kyauta yake karatu. Saboda haka makullin nan, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shi ne kujerar Gimbiya a aji. 'Yar Aro ta yarda da alkawarin Malam har ta kai yadi wurin tela, aka ɗinka riga da siket, ita kuma ta zauna da kanta ta ɗinka bajon makarantar a ƙirjin rigar da ƙananan ɗinki masu kyau.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi taron ritayar Malam ta je gaishe shi a gida. Ta same shi a falo, kwalin 'yan tawaye da ya ɗauko daga makaranta a kan cinyarsa. Matarsa, wadda duk malamai ke kira Gwaggo, tana gefe tana gyaran maɓallin rigar da zai sa. A bango akwai hoton ɗansu tilo cikin rigar kammala karatu. Ya tafi ƙasar masu harshen tun da daɗewa, ya yi aure can, yakan bugo waya idan ya tuna.

Malam ya ciro makullin daga aljihu ya nuna mata. Ya ɗaura masa jan zare don kada ya ɓace cikin canji. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya tsara komai: zai yi 'yar gajeruwar lacca a kan kalmar, don wannan ne karo na ƙarshe da zai samu mutane zaune ba su da hanyar gudu, sannan ya kira ta ya miƙa.

"Ka fara miƙawa," in ji Gwaggo, ba ta ɗago daga allura ba. "Sai ka yi laccarka har gobe."

Malam ya ce ba haka tsari yake ba. Makulli shi ne rufe taro, kuma mutumin da ya riga ya miƙa makulli ba malami ba ne, baƙo ne, baƙo kuma ba ya lacca.

"Kin ji ko, 'yata? Shekara da shekaru yana nazarin tafiya, amma ko gidan ƙanwarsa sai na ɓoye masa tabarau yake tashi." Ta ciji zare. "Mai makarantar nan fa ba zama yake ba. Direbansa na danna hon, ya tafi."

Kowa ya san wannan. Mai makaranta yana da gidan mai da masana'antar bulo, makarantar ita ce 'yar autar harkokinsa. Yakan zo taro da fara'a, ya zauna da fara'a, hon na tashi ya fita da fara'a, ko da liman ne ke tsakiyar addu'a.

Malam ya yi alkawarin taƙaitawa. Gwaggo ta ce za ta zauna a gaba ta sa masa ido, in ya wuce gona da iri ta yi tari. Ta raka 'Yar Aro har bakin ƙofa, ta ce da ita a hankali, shi dai mutumin kirki ne, magana ce kawai ta aure shi kafin ita.

Da 'Yar Aro ta koma gida ta ba mijinta labari. Yana zaune a tsakar gida da bayan wani firji a buɗe, ya ce idan laccar ta yi tsawo a bugo masa waya, ya san inda wayar wutar zauren take. Ta yi dariya. Sai ya ajiye sukundireba ya dube ta.

"Ni ba Malam nake tsoro ba, Malama. Hannun nan naki nake tsoro."

Ta san abin da yake nufi, don ita ta ba shi labarin tun suna neman aure. Malam Ƙamus bai taɓa rufe darasi ba sai ya ce, akwai tambaya? Kuma ɗalibai ba su taɓa samun tambaya ba, yunwa suke ji. Idan shirun ya yi tsawo sai ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, fuskarsa kamar ta wanda ya yi girki ya shimfiɗa tabarma ba wanda ya zo. Tana 'yar aji ɗaya ta fara ɗaga hannu, ba don tana son sani ba, don ta kasa kallon goge tabarau ɗin ne. Ya zame mata jiki. Ta yi a aji har ta gama, ta dawo tana yi a taron malamai. Abokan aiki sukan harare ta, don kowace tambaya tata tana cinye musu lokacin shayi.

"Ki zauna a kansa," in ji mijin. "In ya motsa ki ce masa Gimbiya na gaishe shi."

Ranar taro aka jera kujeru a zaure, aka kunna fankokin da ke aiki. A kan teburi akwai lemon kwalba da kyautar da malamai suka haɗa, agogon bango, wanda suke ba duk mai ritaya daidai lokacin da ya daina buƙatar sanin lokaci. Mai makaranta ya iso ana tafi, ya zauna, ya ɗora waya a kan gwiwa. Ta taga ana hango motarsa a ƙarƙashin bishiya, direba ya kwantar da kujera.

'Yar Aro ba ta samu zama a kan hannunta ba, don Malam ya sa ta tsaya gaban allo tana rubuta misalan da yake kira. Haka suka saba aiki: shi ya faɗa, ita ta rubuta, don rubutunsa ya zama sai shi da Allah.

Abin mamaki, Malam ya cika alkawari. Ya buɗe da maganarsa ta kullum, ɗaliban da ke baya suna motsa baki tare da shi. Ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, daga kowanne misali biyu ko uku. Ya nuna yadda aikatau yake zaune lafiya, kamar give, kyauta kawai, amma da an liƙa masa kalmar sai abin ya fita daga hannu ba dawowa. Ya nuna yadda take barin abin da aka jefar ya shiga tsakaninta da aikatau, ta koma ƙarshen jimla ta jira, kamar mai rakiya da ya tsaya a bayan baƙo. Da ya zo kan 'yan tawaye Gwaggo ta gyara murya, ya tsallake su kamar kwata. Mai makaranta ya ɗago daga waya ya ga har an kusa gamawa, ya yi murmushin wanda aka yi wa ragi.

Malam ya rufe kwali na ƙarshe. Ya sa hannun dama a aljihu. 'Yar Aro ta ga jan zaren ya leƙo tsakanin yatsunsa. Sai ya dubi zauren, ya faɗi abin da bakinsa ya saba faɗa tun kafin a haife ta.

"Akwai tambaya?"

Fanka na juyawa. Wani ya buɗe lemo a hankali don kada ya yi ƙara, ya yi ƙarar. Malaman lissafi suna kallon takalmansu. Shugaban makaranta yana kallon mai makaranta, mai makaranta yana kallon agogon kyauta. Ba wanda ya yi niyyar wulaƙanci. Mutane ne kawai da aka gaya musu abin da ba su tambaya ba, suna jiran a sallame su.

Da a ce ya bar shirun ya wuce, da shi ke nan. Amma ya jira, don a ransa yau ba kamar kullum ba ce. Aikin rayuwarsa ne ya shimfiɗa gaban manya, ba yara masu jin yunwa ba. Ya dubi layin gaba, ya dubi na tsakiya. Hannun hagunsa ya tashi a hankali ya kama ƙafar tabarau.

'Yar Aro na tsaye a bayansa, tana ganin ƙeyarsa da wuyan rigar da ya yi masa yawa. Ba ta manta da Gimbiya ba, kada a yi mata wannan ƙaryar. Ta tuna da ita sarai, ta tuna da bajon, ta tuna da maganar mijinta. Ta kuma yi lissafin da duk mai shirin yin kuskure yake yi: tambaya ƙarama ce, amsa gajeruwa, direba ma barci yake. Tabarau ya bar fuskar Malam. Ta ga idanunsa tsirara, ƙanana, suna neman inda za su sauka. Hannunta, fari fat da alli, ya riga ya tashi.

"Malam, ina da tambaya."

Ya juyo. Gwaggo ta runtse ido.

"Duk misalan nan da na rubuta sun ce an tafi. Me ya sa ba wanda ya faɗi inda aka tafi?"

Ita kanta ba ta san daga ina tambayar ta fito ba, allon kawai ta duba ta ɗauki abin da ya fi kusa. Malam ya tsaya da tabarau a hannu. Ya dubi allon kamar yau ya fara ganin sa. Sannan ya zaro hannun dama daga aljihu, ba komai a cikinsa, don yana buƙatar hannu biyu ya mayar da tabarau.

Ya ce ya daɗe yana ɗaukar wannan a matsayin gajartar Bature, mutumin da ba ya son a san harkarsa. Ya sake duban allon. Ya ce a'a, yanzu da aka tambaye shi, yana ganin ba haka ba ne. Muryarsa ta sauka daga ta lacca ta koma ta falo.

"Kalmar ba ta matafiyi ba ce. Matafiyi ya san inda za shi, sunan gari yake kira, da lambar jirgi. Wanda aka bari a bakin ƙofa shi ke amfani da ita, don shi abin da ya sani kawai shi ne kujera ta zama wayam. Daga nan ake faɗin ta. Ba a faɗin ta daga can."

Malaman lissafi suka ɗago kai daga takalmansu. Malam ya jawo kwalin abin da ke zarewa a hankali, ya buɗe, amma bai ciro takarda ba. Ya ce akwai tafiyar da ake yi rana ɗaya, da akwati da rakiya, wannan mai sauƙi ce. Akwai kuma wadda ake yi bayan an riga an tafi. Murya a waya tana nan, lafiya lau, ana gaisawa, amma kowace shekara tana ƙara sirancewa. Da farko ana tambayar ka shawara, daga baya a riƙa ba ka labari, daga baya a tambayi lafiyarka kawai. Wata rana sai ka ji ana yi maka magana a hankali, da kalmomi masu sauƙi, cikin harshen da kai ka koya wa mai maganar a kan cinyarka. Ya ce ya tara misalan wannan kwali fiye da na kowanne, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Malamar kimiyya, wadda 'ya'yanta biyu ke ƙasar waje, ta daina fifita. Har ɗaliban baya sun bar motsa baki, don wannan ba su haddace shi ba. A duk shekarun da 'Yar Aro ta yi tana jefa masa tambayoyin tausayi, yau ce rana ta farko da ya ba da amsar da ta fi tambayar.

A nan hon ya tashi.

Ba da ƙarfi ba, direban mai ladabi ne. Mai makaranta ya sa waya a aljihu, ya miƙe a sunkuye kamar mai fita daga sahu, ya ɗaga wa Malam hannu alamar a ci gaba, kada a damu da shi. Har ya ɗan dafa ƙirji, don shi ma maganar ta taɓa shi. Ya bi gefen bango a kan yatsun ƙafa.

Daga gaban allo 'Yar Aro na ganin komai. Tsakaninta da aljihun Malam bai fi ta miƙa hannu ba. Kalma ɗaya za ta ce, makulli, kowa zai gane, mai makaranta zai tsaya a bakin ƙofa ya gyaɗa kai. Amma Malam yana tsakiyar jimla a kan ranar da ya raka ɗansa tashar jirgi, idonsa a kan kwali, kuma wadda aka ɗora wa aikin tari fuskarta na cikin mayafi. 'Yar Aro ta buɗe baki. Ta ga yadda ya riƙe bakin kwalin da hannu biyu. Ta rufe.

Ta taga ta ga motar ta yi baya, ta juya, ta fita daga ƙofar makaranta.

Daga nan Malam ya samu ƙarfi. Tunda an buɗe hanya, ya koma kan 'yan tawayen da ya tsallake, ya ce yanzu ya gane su ma: mai aiki ko mai surutu yana nan zaune, amma hankalinsa ya bar mutanen da ke ɗakin. Ya kawo misalai da yawa a kan wannan. Shugaban makaranta ya fita amsa waya bai dawo ba. Malaman lissafi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lemonsa. Da ya gama, rabin kujerun sun huta.

Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin da jan zarensa, ya kira ta da muryar taro. Ya ce a duk ɗaliban da ya koyar ita kaɗai ce ba ta taɓa barin darasi ya mutu ba tambaya ba. Ya ɗora mata a tafin hannu. Waɗanda suka rage suka yi tafi sosai, irin tafin da ake yi don cike gurbi. Malam bai dubi kujerar gaba ba. Tabaransa na karatu ne, ba ya gani da nisa.

'Yar Aro na goge allo magatakardan ofis ya zo ya tsaya a gefenta, hannuwansa a baya. Mutum ne mai kunya, ya jira har ta goge layi na ƙarshe. Ya yaba tambayarta, ya ce shi ma ƙanensa na waje. Sannan ya ce ta san dai yadda abin yake, ba shi ya kafa ba.

Ta tambaye shi ko za a iya gaya wa mai makaranta cewa an miƙa, ga shaidu. Ya ce zai kai maganar, in Allah ya so. Sai dai mai makaranta ya daɗe yana cewa Turanci ba ya buƙatar kabad, tunda masu riƙo suna koyar da shi lafiya lau, ita ce ma misalin da yake bayarwa. Yau ma don girman Malam ya zo, da ya gani da idonsa da ba yadda zai yi.

Ta kwance jan zaren ta riƙe, ta ba shi makullin. Ya ce kafin ya rufe, a kwashe kwalayen, ofis na son kabad ɗin wayam.

Ita ta kwashe su. Ta tsayar da mai keke a bakin titi, suka jera su a baya, ta zauna ta rungume na mutuwa don kada ya zube. Ta sami Malam a falo ya cire hula, yana ta yankan sababbin takardu. Bai tambayi dalilin kawo kwalayen ba, ya ɗauka wuri take buƙata na littattafanta, ya ce ta kyauta. Ya ce tambayar nan tata ta rushe masa tsarin shekaru, dole a sake jera komai daga farko, ba bisa irin tafiyar ba, bisa wanda aka bari. Ko za ta riƙa zuwa ran Asabar ta taya shi, tunda yanzu hankalinta ya kwanta? Ta ce za ta zo.

"Af, ƙofar kabad ɗin tana da gardama," in ji shi. "Sai kin ɗan ɗaga ta sama kafin ki murɗa. Kada ki yi mata ƙarfi."

"Zan kiyaye, Malam."

Gwaggo ta raka ta ƙofa kamar kullum. Idanunta sun yi ja. Ta kama hannun 'Yar Aro, wanda har yanzu akwai alli a ƙarƙashin farcensa, ta juya shi, ta ga jan zaren naɗe a yatsa ba makulli. Ta daɗe tana kallo. Ta ce rabon da ya ambaci yaron nan a gaban mutane tun ranar da ya tafi. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, daga falo Malam ya kira ta yana tambayar ina almakashi. Ta matse hannun ta saki.

A gida mijin na wanke hannu da kananzir a bakin famfo. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannunta.

"Hannun ne?"

"Hannun ne."

Ya ci gaba da wanki. Can ya tambaya ko aƙalla amsar ta yi daɗi. Ta ce ta yi. Ya ce to alhamdu lillahi, tunda an saya da tsada gara a ce kayan na da kyau.

Washegari da safe, bayan ya fita, ta ciro rigar makarantar Gimbiya daga ƙasan akwati ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Makarantar gwamnati da ke bayan kasuwa ita ma shuɗi take sawa, nata ya ɗan fi duhu, amma wanki zai daidaita su. Ta ɗauki reza ta fara bin bakin bajon. Gimbiya ta fito da kofin shayi ta tsaya a kanta, ta tambayi me ya sami bajon. Uwar ta ce an canza shawara, waccan makarantar ta fi kusa, kuma ƙawayenta duk can za su.

Yarinyar ta dubi rezar. Ta ce, Umma, ina da tambaya.

"Ajiye ta tukuna," in ji uwar. "Riƙe min nan."

Gimbiya ta ajiye kofi ta ja yadin da hannu biyu. Ɗinkin ƙanana ne, an yi su don su daɗe, sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya don kada rigar ta yage.